Ƙofar da Babu Takalmi a Gabanta

Ranar wata Asabar ce, kwana tara bayan Sallah ƙarama, a shekarar da na shiga aji huɗu, na fito da bokitin wanki zan kai shanya, sai na tarar da Bature a durƙushe a ƙofar gidanmu. Tsoho ne, dogo, gashin kansa fari fat, gwiwarsa ɗaya a kan siminti, ya kafa wata 'yar kyamara a idonsa. Ba ni yake kallo ba, ba kuma ƙofar ba. Takalmanmu yake ɗauka. Akwai na Abba baƙi mai igiya, da silifas ɗin Umma da ya cinye ta wajen dunduniya, da farin kambas ɗina na makaranta da na wanke na jingine, sannan can gefe ga jan silifas ɗin Anti Hajara mai fulawar roba a sama. A kan wannan jan ya fi daɗewa. Na tsaya da bokiti a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafata, na kasa gaba na kasa baya. Da ya ɗago ya gan ni sai ya yi murmushi, ya gaishe ni da Malayancinsa mai karyewa, ya miƙe da ƙyar yana dafa bango, ya shige ƙofar da ke kallon tamu. Ni kuwa na koma ciki da wankin a jiƙe, na tura ƙofa, na zura sakata, na ce, "Umma, an ƙirga mu."

A Pantai Dalam, wata unguwa a ƙasar Malayu, muke zaune a lokacin, cikin wani dogon bene mai hawa goma sha wani abu, mu a hawa na bakwai. Abba yana karatun digirinsa na uku a babbar jami'ar da ke kusa, kullum da safe ya bi bas ya tafi, sai la'asar ya dawo, sau da yawa a jiƙe, domin a garin nan ruwan la'asar ba ya neman izinin kowa. Gidajen ƙanana ne, ɗaki biyu da falo, amma barandar da ta ratsa tsakanin ƙofofi doguwa ce, kuma ita ce tsakar gidanmu. A nan muke carafke da 'ya'yan Malayu, su da 'yan buhunansu na tsumma da aka cika da shinkafa, mu da duwatsun da muke tsinta a bakin kwata. A nan muke 'yar gala-gala da allin da muka sato daga aji, har matar ƙarshen baranda ta fito da tsintsiya ta kore mu. Aikina da safe shara ne da wanke-wanke, da rana in sauka kedai, wato ɗan shagon ƙasan bene, in sayo madarar kwakwa ko garin shinkafar da Umma ke tuƙa mana tuwo da shi. Idan ta kaɗa miyar kuka da daddawar da aka aiko daga Kano, duk hawa na bakwai sai ya sani, maƙwabta su rufe tagoginsu suna yi mana murmushi. Idan kuma hadari ya haɗo, sai ka ji ana kiran yara da harshe uku a kwashe shanya.

Abu ɗaya da kowa ya yarda da shi a benen nan, Malayu da Indiyawa da Sinawa da mu, shi ne takalmi ba ya shiga gida. Wannan bai ba mu wahala ba, tunda ko a gida ba mai shiga ɗakin tsohuwa da takalmi. Amma a can abin ya fi ƙarfi. Kowace ƙofa da tarin takalmanta a gaba, kuma duk mai ido yana iya karanta gida daga nan. Ka ga manya biyu da ƙanana uku, ka san mutanen gidan. Ka ga baƙon takalmi, an yi baƙi. Ka ga na maigida da rana tsaka, ko ba shi da lafiya ko an sallame shi daga aiki. Ƙofar da babu komai a gabanta kuwa, ko mai tallan burodi ba ya ƙwanƙwasa ta, don ya san ba kowa a ciki.

Mu kuma a takarda mu huɗu ne, a cikin gida mu biyar. Anti Hajara ƙanwar Umma ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta zo ne lokacin da aka yi wa Umma tiyata wajen haihuwar ƙanena Halilu, ciwon ya ƙi warkewa, ga jariri, ga ni, ga Abba da karatu. Kafin Umma ta iya tsayawa da ƙafarta, kwanakin da aka ba Anti na zama sun ƙare. Abba ya shigar da takardun neman gyara, aka ce a jira, jiran ya yi ta tsawo. Tun daga nan aka kafa doka a gidanmu: Anti ba ta sauka ƙasa, ba ta tsayawa a taga, ba ta amsa ƙofa. Ita da take da muryar waƙa, sai ta koma yi wa Halilu tawai a can ƙasan maƙoshi. Fitarta ɗaya ce, tsakanin azahar da la'asar lokacin da baranda ta yi tsit, ta zura jan silifas ɗinta ta je ƙarshen baranda ta shanya zannuwan jariri, ta sha iska kaɗan ta dawo. Abin da kowa ya sani shi ne, idan aka kama ta, tsare ta za a yi, kuma karatun Abba ma zai iya tafiya tare da ita. Duk wannan ɓoyon da muke yi, babu wanda ya taɓa tunanin shigo da silifas ɗin ciki. Takalmi ne, wajensa waje.

Ni tun ina ƙarama haka Allah ya yi ni, abu kaɗan ke hana ni sukuni. Nakan sake alwala sau uku don ina shakkar ko na shafi kunne. Nakan dawo daga bakin lif in duba ko an kashe gas. Umma takan ce, "Sa'a, ke in aka ba ki aljanna sai kin tambaya ko an rufe ƙofar baya." Saboda haka ba wanda ya sa ni gadin Baturen nan, ni na sa kaina. Ƙofarmu biyu ce, ta ƙarfe mai raga a waje, ta katako a ciki wadda ake barin ta a ɗan buɗe don iska. A wannan 'yar tsagar nake kafa idona da zarar na dawo daga makaranta. Na san lokacin da yake fita da jakar leda, na san yana sayo shayi da gurasa daga wajen mamak, masu sayar da abincin nan na bakin titi, na san yana tari kafin ya sa makulli. Na kuma ga ba takalmanmu kaɗai yake ɗauka ba, yana bin ƙofa ƙofa, wani lokaci har hawa na shida. Wannan bai kwantar min da hankali ba, sai ma ya ƙara tabbatar min cewa benen gaba ɗaya yake ƙirgawa.

Duk abin da na gani sai in kai wa mata. Ran Lahadi matan Hausawan benen, su biyar ko shida, suna haɗuwa a gidan Maman Faruk a hawa na biyar ana kitso ana hira. Maman Faruk 'yar Zariya ce mai baki, ita ta raɗa masa suna Baturen Takalmi. Da na shiga sai ta ce, "Ga 'yar sandan ciki ta iso. To hajiya, yau me mijin naki ya ci?" A yi ta dariya, ni kuwa in tsaya in ba da rahoto da gaske, ba ko murmushi. Wata ta ce ƙila mahaukaci ne. Wata ta ce a'a, mahaukaci ba ya samun biza. Maman Faruk, wadda "lah" ɗin da Malayu ke rufe magana da shi ya kama bakinta, ta ce, "Ku dai ku zauna nan, lah. Tsoho kamar wannan ya bar ƙasarsa ya zo yana durƙusa wa silifas? Ko dai aikin hukuma ne ko na asiri, kuma Bature ba ya asiri." Ban taɓa jin daɗi irin na ranakun nan ba, manya sun yi shiru suna sauraren abin da zan faɗa. Yau da nake rubuta wannan, wannan daɗin ne ya fi ba ni kunya.

Umma ta matsa wa Abba ya bincika, ya bincika a jami'a, ya dawo da labari wata ranar Alhamis muna cin abinci. Ya ce mutumin daga ƙasar Poland yake, mai shirya fim ne, kuma a ƙasarsu babban suna ne da shi. Jami'a ce ta gayyato shi ya koyar da ɗalibai na shekara guda, ya ƙi masaukin manyan baƙi, ya ce shi cikin mutane yake so. Ba zan rubuta sunansa ba, haruffan sun yi min yawa, ina tsoron in ɓata sunan bawan Allah bayan abin da na riga na yi masa. Abba ya ce an gaya masa mutumin ya taso ne a zamanin da gwamnatinsu ke sa maƙwabci ya riƙa kai rahoton maƙwabcinsa, kuma kusan duk fina-finansa a kan wannan suke, har aka taɓa kulle masa wani shekaru ba a bari an nuna ba. Abba ya faɗi haka ne don hankalin Umma ya kwanta. Umma ta ajiye cokali ta ce, "Ka ji ko? Ashe tun daga gida ya iya aikin." Anti Hajara tana daga bakin ƙofar ɗaki da Halilu a kafaɗa, kuma ranar ba ta ci abinci ba.

Washegari na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na ɗauke jan silifas ɗin na shigo da shi, na nannaɗe a leda, na cusa ƙarƙashin gado, ina ta istigfari kamar na shigo da najasa. Kwana biyu bayan nan ina dawowa daga kedai, sai ga shi a baranda da kyamararsa. Ya dubi ƙofarmu, ya dube ni, ya nuna gurbin da silifas ɗin yake zama, inda simintin ya fi haske, ya tambaye ni da Malayanci, "Ina jan ya tafi?" Muryarsa a sanyaye take, kamar mai tambayar lafiyar wani. Madarar kwakwar da ke hannuna ta faɗi ta fashe. Na shige a guje. A ranar ban yi shakkar komai ba, na ce wannan mutumin ya san da Anti, kuma nemanta yake.

Sai ranar da na yi abin da har yau nake neman gafara a kansa. Na leƙa ƙasa ta ƙarshen baranda, na hango shi tsaye da maigadin bene da wasu maza biyu masu shuɗiyar riga iri ɗaya. Yana yi musu magana, ya ɗaga hannu ya nuna sama. Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Na ga kuma ɗaya daga cikin mazan yana riƙe da akwatin ƙarfe irin na masu gyara, kuma na san lif ɗinmu ya kwana uku a tsaye, tsohon yana hawa bakwai da ƙafa yana haki. Amma da na isa gidan Maman Faruk, ban ambaci akwati ba, ban ambaci lif ba. Cewa na yi, "Na gan shi da masu yunifom, ya nuna musu ƙofarmu." Daga ƙasa ba a ma hango ƙofarmu. Babu wadda ta tuna da haka.

Kafin mako ya zagayo, mazajen sun haɗa takardar ƙorafi, har da wasu maƙwabta Malayu da aka gaya wa yana ɗaukar hoton gidajen mutane, aka kai ofishin masu kula da bene. Aka hana shi fitowa da kyamara. Yara suka daina amsa gaisuwarsa. Wata safiya na ga an zuba ruwan wanke-wanke a cikin takalminsa, har da ɓawon albasa. Ta tsagar ƙofa na ga ya fito, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ɗauka ya zubar da ruwan a kwata, ya jingine su a rana. Bai ɗaga kai ya nemi wanda ya yi ba. Ba a daɗe ba aka ce zai koma masaukin jami'a.

Ranar da zai tashi, da hantsi, ya ƙwanƙwasa mana. Abba ya buɗe ta katako ya bar ta ƙarfe a kulle. Tsohon ya cire takalmansa duk da cewa a waje yake tsaye, ya ziro abu biyu ta cikin raga: ɗan kaset, da makulli a jikin zare. Suka yi magana da Turanci a hankali. Bayan ya tafi Abba ya fassara wa Umma. Wai kaset ɗin shi ne duk abin da ya ɗauka a ƙofarmu, babu wani, mu yi yadda muke so da shi. Makullin kuma na gidansa ne, gidan yana hannun jami'a har ƙarshen zango, ba wanda zai shiga. Wai ya ce, "A garinmu na koyi cewa masu bincike ma mutane ne, suna gajiya. Ba sa ɓata lokaci a ƙofar da babu takalmi." Abba ya ce wannan tarko ne a fili, so yake mu kai ta da hannunmu inda za a same ta ita kaɗai. Ya jefa kaset ɗin saman kwaba, ya ce gobe zai mayar da makulli ofis. Da gari ya waye aka nemi makulli aka rasa. Umma ta ce ita ba ta gani ba. Ni na gani, cikin gwangwanin daddawa ta tura shi, amma a karon farko a rayuwata na ga abu ban kai rahoto ba.

Kwana goma sha biyu bayan tashinsa, ranar Talata cikin hutun makaranta, Abba ya tafi jami'a, ina wanke kwanukan karin kumallo, wayar falo ta yi ƙara. Maman Faruk ce, muryarta ba wasa a ciki. Ta ce masu duba takardu sun shigo, sun tsare lif da matakala, suna bi hawa hawa, yanzu suna na uku. Anti Hajara ta zauna daɓas a ƙasa. Umma ta ajiye waya, ta shiga kicin, ta fito da gwangwanin daddawa a hannu, amma ba ta buɗe ba. Na ce, "Umma, tarko ne, Abba ma ya faɗa. Shi ya turo su." Sai ta durƙusa a gabana, ita da ɗinkin cikinta bai gama warkewa ba, ta kama kafaɗuna biyu ta ce, "Sa'adatu, dube ni. Ran 'yar uwata yana bakinki. Tsakaninki da Allah, kin ga mutumin nan ya nuna ƙofar nan?" Ba ta taɓa kiran cikakken sunana ba sai in abu ya kai maƙura. Na ji ana buga ƙofa a can ƙasa, na ji ana cewa a buɗe da Malayanci. Na ce, "Sama ya nuna." Ta ce, "Sama kawai?" Na ce, "Akwai akwatin gyara a hannunsu." Umma ta rufe ido na ɗan lokaci. Ba ta mare ni ba, da ma ta mare ni. Ta buɗe gwangwanin ta zaro makullin, duk ya yi warin daddawa, ta damƙa min.

Taku huɗu ne tsakanin ƙofarmu da tasa. Anti ta tsallaka ba takalmi, ta rungume ledar jan silifas ɗinta a ƙirji, domin Umma ta ce kar a bar komai nata da za a tambaya. Na buɗe, ta shiga, na hango falon babu komai sai kujera ɗaya da ya bari a tsakiya da kwalbar ruwa a rufe a kanta. Na kulle ta waje, na murɗa sau biyu, na sake gwadawa, na sake, har Umma ta fizgo ni. Da suka iso hawa na bakwai, su uku ne da maigadi, akwai mace a cikinsu. Ba su yi mana tsawa ba. Macen ta cire takalmi ta shiga, ta duba fasfo huɗu, ta dube mu, ta leƙa ɗakuna, ta yi wa Halilu wasa. Da suka fito, ɗayan ya tsaya gaban ƙofar Baturen, ya dubi simintin da babu komai a kai, ya tambayi maigadi. Maigadi ya ce ba kowa, Bature ne kuma ya tashi. Mutumin ya ɗora hannunsa a kan ƙarfen ƙofar, ni kuma makulli yana cikin tafin hannuna yana cizona. Sai ya share gumi, ya wuce ƙofa ta gaba inda takalma suka taru.

A ranar an tafi da mutane daga wasu hawa, ba daga namu ba. Duk benen ya ce ai ga shi nan, Baturen Takalmi ya rama. Maman Faruk ta rungume ni a gaban mata ta ce, "Ba don yarinyar nan ba, da yanzu yana nan yana ƙirga haƙoranmu." Umma ta yi shiru, domin wanke shi yana nufin faɗin inda Anti ta ɓuya. Ni ma na yi shiru, amma nawa shirun ba irin nata ba ne. Bayan wata biyu takardun suka fito, Abba ya kai Anti ofis da kansa aka ba ta izinin fita, ta koma Kano lafiya. Da Abba ya je jami'a neman tsohon don ya mayar masa da makulli, aka ce zango ya ƙare, ya koma ƙasarsu.

Sai a lokacin Abba ya aro na'ura muka kalli kaset ɗin. Babu fuskar kowa a ciki. Takalma ne kawai, safe da yamma, wataran a bushe, wataran ruwa ya feso musu. Jan silifas ɗin kullum yana wuri ɗaya, sai dai bayan azahar yakan juya ya kalli ƙofa, da ɗigon ruwan wanki a kan fulawar. Ashe tun makon farko ya san akwai wadda ke fita sau ɗaya a yini. A ƙarshen kowace ɗauka kyamarar takan ɗaga a hankali ta bi ƙofa, ta tsaya a kan tsagar nan, inda ake ganin ido guda ɗaya, baƙi, ba ya ƙiftawa. Abba ya juyo ya dube ni, ya kashe.

Muka koma gida da Abba ya gama, bai daɗe ba ya kwanta rashin lafiyar da bai tashi ba, karatuna ya tsaya a aji shida. Ban taɓa zaton zan sake ganin garin nan ba, sai ga shi Allah ya dawo da ni da maigidana, shi ma karatu, muna zaune a unguwar Wangsa Maju. 'Yata ce, wadda nake wa Hausa tana amsa min da Turanci, ta nemo min fina-finansa a waya, ta kuma gaya min ya rasu da daɗewa. Ba na jin yarensu, Turancin da ke gudu a ƙasa ma sai ta tsayar min ina haɗa baƙi, amma na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Na farkonsa yana saurayi, ba launi, a kan wani tsohon mai gyaran takalma ne da ke gane halin mutanen unguwa daga yadda dunduniyarsu ke cinyewa. Wanda aka kulle masa, a matakalar bene ɗaya aka yi shi daga farko har ƙarshe, an zo an tafi da wani mutum, kowace ƙofa a rufe, amma kowace akwai mai numfashi a bayanta. Akwai na wata mata da maƙwabcinta ya ba ta ajiyar makulli ya ce zai dawo da yamma, ta tsufa tana shiga tana ba furanninsa ruwa. Bayan gwamnatinsu ta canja aka daina kulle fim, ya samu kyaututtuka, ya yi masu launi, amma bai bar baranda ba. Ƙofa, makulli, takalmi, da mai leƙe. Kuma abin da na lura, a fina-finansa mai leƙen ba ya zama mugu. Kullum wani matsoraci ne da ke da abin da yake karewa, sai tsoro ya sa ya ƙara kalma ɗaya a kan abin da ya gani. 'Yata ta karanta min cewa ya fara wani aiki a wata ƙasa mai zafi bai ƙarasa ba, bai kuma taɓa faɗin dalili ba.

Ba zan ɓoye ba, har yanzu akwai ranakun da zuciyata ke tambayata: ta yaya ya san za a zo? Wa ya ce kaset ɗaya ne? Sai in tuna kwalbar ruwan da ke kan kujera, in yi a'uziyya. Na tambayi malamai biyu hukuncin wanda ya yi wa mutum ƙage yana yaro, mutumin kuma ba Musulmi ba, ya kuma mutu. Dukansu sun ce ba a rubuta wa yaro. Na ji, amma ban huta ba. Benen da muke ciki yanzu kyamara ce a kowace kusurwa, ba wanda ya san mai kallo, ba kuma wanda ya damu. Takalma suna cikin akwatuna masu murfi, yara suna cikin ɗaki da waya, shekara biyu ban san sunan matar da ƙofarta ke kallon tawa ba. Wani lokaci ina kewar barandar nan mai warin kuka da madarar kwakwa, inda kowa ya san kowa har ya yi yawa, inda kuma wani tsoho ya san sirrinmu tun makon farko ya riƙe, ni da ban san nasa ba na ƙirƙira masa. Anti Hajara tana Kano da jikokinta, kuma ta ce jan silifas ɗin yana nan a ƙasan akwatinta. Ni dai har yau ban iya wuce ƙofar da babu takalmi a gabanta ba tare da na yi sallama a zuciyata ba.